Ɗan Gayu Mai Aski da Shayin Wankin Hanji

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani ɗan shagon aski mai kujera biyu. Ɗaya kawai ake zama a kai, ɗayar ƙafarta ta karye tun da daɗewa aka mai da ita ma'ajiyar tawul. Mai shagon ana ce masa Ɗan Gayu. Tun yana saurayi sunan ya kama shi, lokacin da ba ya fita daga gida sai ya goge takalmi har yana ɗaukar ido. Ya manyanta, furfura ta cinye gefen kansa, tumbi ya ɗan leƙo, amma sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki halin ba. Rigar aikinsa fara ce ƙal, kullum da karin guga. In ya gama yi wa mutum aski sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, "To, yanzu ko matarka sai ta nemi shaida kafin ta buɗe maka ƙofa."

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar. Mahaifinsa ɗan dako ne, ya yi fama da ciwon ciki, aka kai shi asibiti da ƙafarsa, aka shiga da shi ɗakin tiyata, aka fito da shi a lulluɓe. Ɗan Gayu yana ƙarami a lokacin, yana tsaye a baranda riƙe da takalman mahaifin nasa. Tun daga ranar warin asibiti ya zame masa abin gudu. Ko dubiya ce, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi gaisuwa ya juya.

Ya yi aure, suka daɗe ba haihuwa, sannan Allah ya ba su 'ya mace guda ɗaya. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kiranta. Matarsa tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta, shi ya sa har a gida Malama yake ce mata. Mace ce marar yawan magana, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa, sai zaman ya yi daidai. Uwata ta girma ta yi aure a wani gari mai ɗan nisa, gidan ya koma daga shi sai Malama sai rediyo.

Maƙwabcin shagonsa tela ne, sa'ansa, kuma abokin tsokanarsa. Bango ɗaya ya raba su, siririn da in Tela ya yi atishawa Ɗan Gayu ke amsa masa. Tela yakan ce mai aski ɓarawo ne, yana karɓar lada a kan abin da zai sake tsirowa. Ɗan Gayu yakan ce ai gara shi, bai taɓa ce wa kowa ya dawo jibi ba alhali bai ko yanka yadin ba.

Abin ya fara ne da ɗan nauyin ciki. Sai ya yi kwanaki bai zaga ba, in ya je kuma sai ya taso da jin kamar bai gama ba. Bai ɗauke shi a bakin komai ba. Yini yake a tsaye, abincinsa burodi da shayi a gurguje tsakanin wannan kai da wancan, ruwa kuwa da gangan yake rage sha saboda ban ɗakin layin yana can ƙarshe kuma ba ya son barin mutum da rabin aski. Gajiya ta ƙaru. Da la'asar sai ya ji ƙafafunsa kamar an ɗaura musu dutse.

Ana cikin haka wani mutum ya shigo aski, mai tsabta, da baƙar jaka a kafaɗa. Daga baya 'yan layin suka riƙa ce masa Mai Jaka. Yana zaune an yafa masa ƙyalle, sai ya kalli Ɗan Gayu ta madubi ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri da tambaya. Kullum kake fita bayan gida kuwa?"

"Aski ka zo ko bincike?" in ji Ɗan Gayu.

Mutumin ya yi dariya. "Idonka na gani, da leɓenka. Ni ma haka nake a da."

Ya zaro waya ya nuna masa hotuna. Ga hanjin mutum an zana shi, cikinsa ya yi baƙi ya toshe. Ga wani dogon abu kamar igiya, baƙi-baƙi, an ɗago shi da sanda, wai daga cikin wani bawan Allah ya fito. Ya ce abincin da mutum ya ci tun yana yaro ba duka ke fita ba, wani yana mannewa a bangon hanji ya ruɓe, gubarsa tana komawa cikin jini. Daga nan ne gajiya take, da warin baki, da ciwon kai, da tumbi, da hawan jini, har da saurin fushi. Ya ce, "Kana wanke injin askinka bayan kowane kai. Hanjinka fa, yaushe rabon ka wanke shi?"

Wannan tambayar ita ta shige shi. Mutumin da ba ya iya ganin gashi ɗaya a kan tayil, a ce yana yawo da ƙazantar shekaru a cikinsa. Ya karɓi kwalin shayi kore da gwangwanin wani gari da ake damawa da ruwa. Abin da ya fi kwanta masa a rai shi ne ba allura, ba likita, ba wanda zai kwantar da shi a gado. Mai Jaka ya ce ganye ne zalla.

Washegari cikinsa ya murɗa, ya yi ta zarya. A rana ta uku ya ga abin da idonsa, dogo mai yauƙi, kamar wanda ke cikin hoton. Ya fito daga ban ɗaki yana gumi, fuskarsa kuwa cike da murna.

"Malama, ashe da mushe nake kwana a ciki ban sani ba."

"Ni dai kar ka ba ni labari ina cin abinci," in ji ta.

Ya ji jikinsa sakayau, ciki ya lafe, bel ya ƙara shiga rami ɗaya. Shagon aski kuwa wuri ne da magana ke yaɗuwa, mutum yana zaune an kama kansa ba shi da hanyar gudu. Duk wanda ya zauna sai ya ji wa'azin hanji. Direbobin tasha suka saya, mai gadin bankin da ke kan titi ya saya, har Tela ya yarda ya gwada. Sau ɗaya ya sha. Yana tsakiyar gwada wa wani ango riga abin ya taso masa, ya bar ango da hannu ɗaya a cikin riga ya zura da gudu, tef na reto a wuyansa. Da ya dawo ya leƙo shagon askin ya ce, "Ni na yafe. Dattin da ke cikina mun saba da juna, ba ya damuna ba na damunsa."

Aka yi ta dariya a layin har mako ya zagayo.

Ɗan Gayu bai daina ba. An ce a sha na 'yan kwanaki a huta, amma da ya huta sai cikin ya tsaya cak, ya fi da taurin kai. Ya koma. Jakar shayi ɗaya ta daina aiki, ya riƙa jefa biyu a kofi. Wata ya bi wata, har ya zamana in babu shayin babu fita.

Sai jini ya fara biyowa. Da fari ɗan ɗigo, ya ce basir ne. Daga baya ya zama mai duhu, gauraye da majina. Ya jira Mai Jaka ya zo, ya ja shi gefe ya gaya masa a hankali.

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Jaka. "Ka kai ga tsohon datti ke nan. Abin da ya daɗe a manne ai ba ya ɓantarewa salin alin. Yanzu ne ma bai kamata ka tsaya ba."

Mai Jaka ba ƙarya yake ganin yana yi ba. Shi ma shan abin yake, a gaban 'yan layin yake dama garin ya kurɓe. Abin da aka gaya masa a wurin taron masu sayarwa shi yake maimaitawa.

Malama ce ta ga jinin wata safiya, don bai kora ruwa da kyau ba. Ta same shi yana ɗaura agogo.

"Maigida, abin da na gani ba na wasa ba ne. Mu je a duba ka."

"Datti ne ke fita."

"Datti ba ja ba ne. Ka dubi wuyanka a madubi, kai da kake yini a gaban madubi."

"Kowa yana cewa na koma saurayi, ke kaɗai ce ba ki gani ba."

"Su ba su san abin da kake ragewa a kwano ba."

Ya ɗauki makullin shago. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Babana da ƙafarsa ya shiga, Malama." Ta kira Uwata a waya, Uwata ta yi ta roƙonsa har da kuka, ya lallashe ta da wasa, ya ce in ya mutu wa zai riƙa yi wa mijinta askin banza. Ya yi alkawarin zai je in aiki ya yi sauƙi. Aikin aski kuwa ba ya sauƙi.

Gaskiya ne mutane sun yi ta yaba ramar da farko. Daga baya yabon ya ragu, aka koma kallonsa ta gefen ido. Ya riƙa kai wa Tela wandunansa a rage ƙugu. An rage, an sake ragewa. A karo na gaba Tela ya zagaya tef a ƙugunsa, ya duba, ya sake zagayawa, sannan ya ajiye wandon a kan keke bai ɗinka ba.

"Aboki, in na ƙara ragewa aljihun baya biyu za su haɗe. Wannan ba aikin tela ba ne kuma."

"Ka faɗi gaskiya, zare ne ya ƙare maka."

Tela bai yi dariya ba. Wannan ne karon farko da ɗayansu ya jefa wasa ɗayan bai cafe ba.

Hannun Ɗan Gayu ya fara ba shi matsala. Yatsu su ƙage a kan almakashi sai ya ɓamɓare su da ɗaya hannun. Zuciyarsa takan yi wani irin tsalle, ta tsaya, ta ci gaba. Bakinsa kullum a bushe. Wata rana da hantsi yana gyara wa wani direba gefen kunne, injin ya zame ya yi hanya har tsakiyar kai. A duk shekarunsa na aski bai taɓa ɓata kan mutum ba. Ya tsaya yana kallon wurin, ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai madubin ya yi duhu. Ƙarar faɗuwarsa Tela ya ji ta bango.

A motar direban mai rabin aski aka kai shi asibiti. Ya farfaɗo ya ga silin fari, ga robar ƙarin ruwa a rataye, ga warin nan da ya guje wa tun yana yaro. Ya nemi tashi, Malama ta dafa ƙirjinsa, ba da ƙarfi ba, ya koma ya kwanta.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a rataye a wuya. Ta sa aka kawo mata kwalin shayin da gwangwanin, ta karanta abin da ke jiki. Bayan an yi gwaje-gwaje, an zura masa na'ura mai kyamara an kuma ɗauki hoton cikinsa, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Uwata ta iso a lokacin, tana tsaye a bayan mahaifiyarta da tsohon ciki.

"Baba, abu biyu ne," in ji likitar. "Na farko shi ya kayar da kai. Wannan shayin maganin sa zawo ne mai ƙarfi. Ya kwashe maka ruwan jiki da gishirin da zuciya ke bugawa da shi, ya wahalar da ƙodarka. Wannan muna gyarawa, ka ga har ka fara jin dama."

"To abin da yake fitarwa fa? Na gani da idona, likita. Kamar igiya."

"Garin ne da kansa. In ka dama shi a kofi ka bar shi ya kwana, haka zai daskare. Yana bin hanji ya ɗauki siffarsa ya fito. Hanji ba ya tara dattin shekaru, Baba. Kullum cikin share kansa yake, fatar cikinsa ma sabuntawa take yi."

Ya kalli gwangwanin. "Na biyun fa?"

Ta cire tabaran daga wuya ta riƙe a hannu. Ta ce akwai ƙari a babban hanjinsa, na ciwon daji ne, shi ya fara tare hanya tun farko, shi ya kawo nauyin cikin da jinin da ramar. Ya riga ya taɓa hanta.

"Shayin ne ya sa min?"

"A'a, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ciwon ya riga shi zuwa. Amma jikinka ya yi ta ba ka labari, shayin ya sa ka riƙa yi wa labarin wata fassara."

Malama ce ta yi tambayar da shi ya kasa yi. "Da mun zo tun lokacin da jinin ya fara fa?"

Likitar ta dube ta. "Ba zan iya rantse miki ba. Amma da abin da za mu iya yi ya fi haka yawa."

Uwata ta fita baranda. Ɗan Gayu ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malama, kin faɗa." Ta ce, "Ban faɗa don in yi gaskiya ba," ta gyara masa bargo.

Ƙarin ya kusa toshe hanyar gaba ɗaya, dole a yi aiki. Da aka turo gadon zuwa ɗakin tiyata ya riƙe hannun Tela gam, har sai da ma'aikaciyar jinya ta ce iyakar masu rakiya ke nan. Ya shiga, kuma ya fito da ransa. Sai dai an buɗe masa hanya a gefen ciki, an manna leda inda bayan gida zai riƙa taruwa. Ranar da aka fara koya masa yadda ake canza ta, ya kalli abin, ya kalli silin, hawaye suka gangara cikin kunnuwansa. Malama ta ce wa ma'aikaciyar, "Ni ki koya min."

Ya koma gida. Tela ya ɗinka masa riguna masu faɗi waɗanda ba sa nuna komai, ya kawo su a goge. Da ya ɗan sami ƙarfi tsakanin zuwa asibiti karɓar magani, sai ya ce a kai shi shago. Ba ya iya tsayuwar aski, ya ba wani mai sana'ar aron wurin, shi yana zama a benci yana fesa turare fiye da kima don tsoron kar a ji wani abu. Abin da ya kai shi daban ne. Duk wanda ya san ya taɓa yi wa tallar shayin, sai ya kira shi ya zaunar da shi.

Wasu sun ji. Wani direba ya ce dama ya daina tun ranar da abin ya kama shi a tsakiyar hanya da fasinjoji. Mai gadin bankin kuwa, dattijo mai fama da hawan jini, ya saurare shi har ƙarshe sannan ya ce, "Ai kai naka ciwon daban ne. Ni yana yi min aiki. Har ƙwayoyin asibitin na ajiye."

"Don Allah ka koma kan ƙwayoyinka. Ni na ce maka ka sha, ni kuma nake ce maka ka bari."

"To wanne zan ɗauka a ciki?" in ji mai gadin, ya tashi ya koma bakin aikinsa.

Wannan ta fi ledar yi masa ciwo. Ya sa Malama ta je har gidan mutumin ta yi magana da 'ya'yansa.

Mai Jaka ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a ƙofar shago ya ga yadda Ɗan Gayu ya koma. Tela ya taso da almakashi a hannu yana huci, Ɗan Gayu ya ɗaga masa hannu.

"Zo ka zauna," ya ce wa Mai Jaka. "Ba faɗa zan yi ba, ba ni da ƙarfinsa. Abu ɗaya nake roƙonka. Duk wanda ya ce maka ya ga jini, ka ce ya tafi asibiti. Ko ba ka daina sayarwa ba, wannan kaɗai ka yi min."

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce to. Ba a sake ganinsa a layin ba. An ce yana can wata unguwa da jakarsa, ko ya riƙe alkawarin ko bai riƙe ba, babu wanda ya sani.

Uwata ta haihu, namiji. Aka kawo wa Ɗan Gayu jaririn, ya karɓe shi a kan filo saboda hannuwansa ba su da ƙarfi. Ya shafa kan yaron da babban yatsa, ya bi inda gashin ya murɗa, ya ce, "Wannan kan zai ba masu aski wahala. Ku gaya musu su bi shi ta hagu."

Daga nan bai ƙara fita ba. Idonsa ya yi rawaya, abinci ya koma cokali biyu. Wata safiya ya shafa haɓarsa ya ji gemu ya yi buzu-buzu, ya ce Malama ta ɗauko injin. Ba ta taɓa riƙe shi ba. Ta jingina shi da filo, ta yafa masa tawul.

"Kwantar da shi, kar ki soke ni. Yawwa. Daga ƙasa zuwa sama. Ja fatar da ɗaya hannun."

"Babu abin ja, Maigida," ta ce.

"To ki bi ƙashin, ya fi sauƙi ma."

Ta gama, ta goge masa wuya, ta shafa hoda. Ya nemi madubi, ya daɗe yana kallo, ya ce gefen dama ya fi na hagu tsawo amma an yafe wa sabon hannu. Ya yi barci bayan nan. Kwana biyu tsakani, da hantsi, yana riƙe da gefen zanenta, ya cika.

Mutane sun taru sosai, har waɗanda Malama ba ta taɓa gani ba, direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, kowa ya ce shi ke yi masa aski tun yana yaro. Bayan an watse ta tattara sauran kwalayen shayin da ta samu a ƙarƙashin gado da bayan kabad, ta rasa inda za ta zubar da su don kar wani ya tsinta ya sha. Daga ƙarshe ta farke su ɗaya bayan ɗaya ta juye a masai.

Shagon ya koma hannun mai sayar da kayan waya. Tela ya yi wata guda yana jin kiɗa ta bango, sannan ya kwashe kekensa ya koma ɗinki a gida. Malama ta koma makaranta da aka buɗe zango. Uwata ta so Malama ta koma wurinsu da zama, Malama ta ce tukuna, akwai yaran da ba su iya riƙe fensir ba.